Gmail da iyakar megabayit 25: ra'ayin mai tura fayil kullum

Sana'ata tsara littattafai da mujallu a kwamfuta, don haka rabin yinina a tura fayil yake ƙarewa: PDF zuwa ga mai bugawa, hotuna zuwa ga marubuci, gyara ya dawo, a sake turawa. Da Gmail nake wannan kai-komo, kuma da abu guda zan auna shi a nan, wato yadda yake yi da kaya masu nauyi.

Ƙa'idarsa a fili take. Abin da ka maƙala wa saƙo ɗaya, fayil guda ne ko goma, kada jimillarsa ta wuce megabayit 25. Wajen karɓa ya fi sakin hannu, yana ɗaukar har 50. Ga mai tura wasiƙa ko rasit ko hoto biyu-uku, wannan ya isa har da saura. Ni kuwa bangon mujalla ɗaya kan iya lashe shi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne nauyin fayil a kwamfutarka daban, nauyinsa a hanya daban. Tsarin da ke jigilar imel, SMTP, tun 1982 don rubutu zalla aka gina shi. Sai a 1992 aka fito da MIME, dabarar da ta ba hoto da sauti damar bin wannan hanya, amma da sharaɗin a mayar da su haruffa tukuna. A wannan juyi, da ake kira Base64, kowane bayit 3 yana komawa harafi 4. Ka ga ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nan. Fayil mai megabayit 18 zai isa can yana 24 da ɗoriya, kamar kayan da aka auna har da kwalinsa. Da Gmail zai riƙa nuna wannan nauyi na biyu kusa da sunan fayil, da ya rage wa mutane ciwon kai.

Sannan ko imel ɗinka ya yarda, sai na mai karɓa ya yarda. Akwai wani ofishi da nake yi wa rahoton shekara. Na tura masu PDF mai megabayit 9, ya fita lafiya lau, can sai ga saƙo ya dawo ɗauke da lamba 552 da bayanin cewa ya yi girma. Sabar ofishin, wato kwamfutar da ke karɓar masu imel, ita ce ta ƙi shi. Exchange, manhajar imel ta Microsoft wadda ofisoshi da yawa ke ajiyewa a nasu injin, da iyakar megabayit 10 take zuwa sai in mai kula da ita ya ƙara, kuma 9 ɗina ya riga ya zama 12 a hanya.

Abin da ya sa na zauna da Gmail shi ne haɗinsa da Google Drive, rumbun ajiyar fayil na Google a intanet. Da fayil ya haura 25, ba ya tsaya yi maka gardama, sai ya loda shi a Drive ya sa mahaɗi a cikin saƙon. Idan mai karɓa ba shi da izinin buɗewa, zai tambaye ka kafin saƙon ya tafi, kuma wallahi a karanta wannan tambaya kafin a danna. Sai dai a sani, mahaɗi ba fayil ba ne. Kayan na nan a rumbunka. Ranar da ka goge shi, wanda ka tura wa ya rasa. Shi ya sa takardar yarjejeniya ko wani abin da za a nema bayan shekaru, na fi son in matse shi in maƙala kai tsaye.

Wurin ajiya kyauta gigabayit 15 ne, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a ciki suke ci. Duk fayil da ka maƙala yana nan kwance a akwatin saƙonnin da ka aika. Idan wuri ya fara ƙurewa, rubuta larger:10M a gurbin bincike, manyan saƙonni za su fito a jere ka zaɓi na sharewa. Fayil ɗin manhaja mai ƙarewa da .exe kuwa kada ma ka gwada, ko ka cusa shi a zip ba zai wuce ba.