Saƙo daga tsibirin Penang: Yaya, a nemi ruwa kafin a buga bulo

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna, na ga saƙonka kan filin nan namu na wajen Rano, da shawarar da ka kawo cewa a fara buga bulo tun siminti bai ƙara tashi ba. Ka kuma tambayi yadda zaman nan yake, me ya fi na gida, me bai kai ba. Zan haɗa amsoshin wuri guda, domin abin da idona ke gani a nan shi ya sauya mini tunani game da filin.

Penang tsibiri ne a arewa maso yammacin Malesiya. Gada biyu suka haɗa shi da sauran ƙasar, ta farko an buɗe ta a 1985 mai tsawon kilomita 13.5, ta biyu a 2014 mai kilomita 24. Babu hunturu, babu rani irin namu. Zafi ne mai gumi daga farkon shekara har ƙarshenta, ruwan sama kuma yakan haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu a 'yan watannin damina.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗan Arewa shi ne wuta. Ba a ɗauke ta sai da dalili, kuma ba ka jin ƙarar janareta a unguwa. Saboda haka ƙaramin mai sana'a ba ya cin rabin ribarsa a fetur, matar gida kuma takan sayi kifin mako guda ta zuba a firji hankalinta kwance. A kasuwar dare da ake ci kusa da mu, akwai wata dattijuwa mai suyar ayaba, ta manna 'yar takarda mai lamba a jikin teburinta. Ka ɗora wayarka a kai kuɗin ya shiga, ita ko ɗago kai ba ta yi daga kaskon. Tukunyar gas har ƙofar gida ake kawo maka a ɗauki wadda ta ƙare. A asibitin gwamnati ɗan ƙasa ringit ɗaya, wato kuɗin ƙasar, yake biya ya ga likita, baƙo irina ringit arba'in. Sauƙin da ake faɗa gaskiya ne, amma mafi yawansa tallafi ne da gwamnati ta tanada don 'yan ƙasarta.

Maganar ruwa ce nake so ka saurara da kyau. Famfo na zuwa dare da rana, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da jihar Penang ke sha daga kogin Muda yake fitowa, can tsallaken teku a iyakarsu da jihar Kedah, bututu ne ke kawo shi. Madatsun da ke kan tsibirin, Air Itam da Teluk Bahang, ba za su riƙe jama'a su kaɗai ba. A watan Janairun 2024 an rufe ruwa na wasu kwanaki don gyara a babbar matatar jihar. An sanar tun da wuri, amma duk da haka ka ga yadda aka yi wawar bokiti da jarka a shaguna, ka ga manyan mutane a layin tankar ruwa ƙarƙashin dogayen benaye. Wurin da sama ke zubar da ruwa haka, amma gidaje kaɗan ne ke da abin tara shi. Tun lokacin na ƙudurta cewa gidan gonar da zan zauna a ciki sai ya mallaki ruwansa da kansa.

A ɓangaren abinci, kaza da kifi da kwakwa da gwanda da abarba suna da araha, kuma Musulmi ba ya shan wahalar neman halal, hatimin hukuma na nan a jikin kaya da ƙofar gidajen abinci. Amma nama, Yaya, mun fi su nesa ba kusa ba. Galibin jan naman da ke kasuwa na ɓauna ne daskararre daga Indiya, na rago kuma daga Ostireliya. Ragon layya ya yi tsadar da mutane da yawa sai su biya a yanka musu a wata ƙasa. Albasa kusan dukkanta shigo da ita ake yi, ranar da Indiya ta taƙaita fitarwa sai farashi ya tashi a nan. Gero sai a shagon Indiyawa, cikin 'yar leda kamar magani, abin da mu muke aunawa da tiya. Kuka da daddawa kuwa sai wanda ya zo daga gida ya taho da su.

Ko an taho da su ma, laima ba ta barinsu. Yaji ya dunƙule, garin kuka ya yi wari, takalmin fata ya yi fumfuna a cikin kabad. A nan na san darajar busasshiyar iskarmu. Mu rana ce ke busar mana da tumatir da kuɓewa da barkono da kilishi kyauta, hatsi ya shekara a rumbu lafiya lau. Su kuwa duk abin da za su adana sai da lantarki. Wannan arziki ne da bai kamata mu raina ba, kuma shi ya sa nake so sito mai kyau da wurin shanya su shiga tsarin tun farko.

A ɗaya ɓangaren tsibirin akwai wani yanki, Balik Pulau, inda har yanzu ake noma. Lambuna ne a jikin tudu, itatuwa iri-iri a cakuɗe, har da kanumfari da wani ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari, duriyan, wanda mutane ke tahowa daga nesa su saya idan lokacinsa ya yi. Yawancin manyan bishiyoyin iyaye da kakanni ne suka dasa, jikoki ke cin moriya. Duk sanda na je wurin sai hankalina ya koma Rano. Baƙo ba ya samun gona a nan cikin sauƙi, a yawancin jihohin ƙasar akwai filayen da doka ta keɓe wa ƙabilar Malayawa kaɗai, gida ma an gindaya wa baƙo mafi ƙarancin farashin da zai iya saya. Mu kuma ga fili Allah ya ba mu, babu ko inuwa a kai.

Don haka ga yadda nake ganin a bi abin, idan ka amince. A fara kammala takardun fili, da shaidar dagaci da maƙwabta kan iyaka. Daga nan a kira masu auna ƙasa su duba inda ruwa yake kafin a kawo injin haƙa, domin kudancin Kano ƙasa ce mai dutse a ƙarƙashi, ana iya haƙa burtsatse a tashi da asara alhali ruwan na can gefe kaɗan. Idan an samu, a sa famfo mai aiki da sola da tanki a sama, a zagaye wurin da shinge saboda awaki, sai dashe: mangwaro, gwaiba, lemo, zogale, da darbejiya a gefen da iska ke bugowa. Gawon nan biyu da ke cikin filin don Allah kada a bari kowa ya sare su, ganyensu da damina yake zuba, taki ne ga shuka kuma ba ya tare mata rana.

Ɗaki biyu sun ishe mu a farko, amma a sa wa rufin indararo mai zubawa cikin tanki. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a daminar da aka samu milimita 800, zai iya tara kusan lita 80,000. Ko rabinsa muka kama, ya rage wa burtsatse nauyi.

Na san siminti zai iya ƙara kuɗi, kuma damuwarka a kan hanya take. Amma bulo ko yaushe aka samu hali za a buga, ita kuwa bishiyar da ba a dasa bana ba ta yi asarar shekara guda. Ina roƙonka ka tambayi masu gonakin kusa zurfin rijiyoyinsu, da ko suna ƙafewa a watan Afrilu, ka kuma ji mini nawa masu auna ƙasa ke karɓa. Da zarar ka sanar da ni zan turo kuɗin insha Allahu. A gaida Inna da kyau, a ce mata ina neman addu'a.