In babu biskit ɗin Graham, da wanne za a daɓe ƙasan cizkek?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce duk bayanin cizkek (kek ɗin cuku) da na fai (haɗin da ake zubawa a kan shimfiɗa a cikin faranti) da kika karanta, sai ki ga an ce a daka biskit ɗin Graham a shimfiɗa a ƙasan faranti, ke kuwa ba ki same shi ba. Kina tambaya ko Digestive, ko Marie, ko Oreo zai yi, kuma wanne ya fi. Dukansu za su yi, sai dai kowanne da nasa awon botan, kuma a wannan awon ne aiki yake lalacewa.

Ni daɓe nake ce wa wannan shimfiɗar, domin aikin ke nan: gari, ɗan danshi, sannan a danne. Abu uku ne a cikinsa, ɓarɓashin biskit, narkakken bota da sukari. Graham biskit ne na Amurka, sunansa ya samo asali daga Sylvester Graham, wani mai wa'azi na ƙarni na 19 da ya dage wajen kiran mutane su ci garin alkama da dusarsa. Busasshe ne, maiƙonsa kaɗan, zaƙinsa daidai. Shi ya sa ake zuba masa bota da yawa: a faranti mai faɗin santimita 23, ɓarɓashi wajen giram 180, bota giram 85, sukari cokali 3. Idan kika ɗauki wannan awon kika ɗora a kan biskit ɗin da ya zo da nasa man da nasa sukarin, sai daɓen ya yi ta tsatsar mai a obin, in ya huce kuma ya ƙame har wuƙa ta kasa shiga.

Digestive shi ne ɗan uwan Graham na kusa, kuma shi zan fara miƙa miki. Kamfanin McVitie's ya fara yin nasa a 1892, kuma har yau masu cizkek a Birtaniya da shi suke aiki. Akwai garin alkama mai dusa a cikinsa, don haka yana ba da wannan ɗan ƙamshin gashi da tsakin da ake ji a ƙarƙashin haƙori. Maiƙonsa ya kai kusan ninki biyu na Graham, saboda haka ki rage bota: giram 200 na biskit, giram 80 na bota, sukari cokali ɗaya ko ma ki bar shi. In ɗanɗanon Graham ɗin kike kewa, ƙaramin cokalin zuma da ɗan garin kirfa za su kawo miki shi.

Marie kuwa akasin haka yake. Siriri ne, farar fulawa ce zalla, kuma shanye bota yake yi ba ƙaƙƙautawa. Ki ba shi rabin nauyinsa, wato giram 100 ga giram 200, da sukari cokali 2 da ɗan gishiri. Ba shi da wani ɗanɗano na kansa. Wasu suna raina shi saboda haka, amma ni a ƙarƙashin abu mai tsami ko mai 'ya'yan itace na fi son sa, domin ba ya gasa da abin da ke samansa. Dabara ɗaya ke ɗaga darajarsa: ki bar botan a wuta kaɗan bayan ya narke, har ya fara ja yana ƙamshi, sannan ki juye. Ki kuma kula wajen niƙa, don Marie yana saurin zama gari lukui, daɓen da aka yi da gari lukui kuwa cunkushewa yake yi.

Oreo ne mutane suka fi yi wa kuskure. Kada ki cire farin kirim ɗin tsakiya, domin mai ne da sukari, shi ne rabin abin da zai riƙe daɓen. Ki niƙa guda 24 yadda suke, ki zuba bota giram 55 zuwa 60, sukari ko ƙwaya kada ki ƙara. Matsalarsa ɗaya ce, baƙi ne, ba za ki gane ya ƙone da ido ba, sai ki tsaya a kan agogo. Kuma ƙarfin cakuletinsa yana danne cizkek mai sanyin ɗanɗano. Da cakulet ko kofi ya dace.

Biscoff na Beljiyam yana da ƙamshin ƙonannen sukari da kirfa, daɗinsa ba a magana, amma saboda yawan sukarinsa yana saurin yin duhu, sai a rage masa minti biyu a obin. Biskit mai citta yana da tauri, daɓensa yana tsayawa da kyau, kuma yana tafiya da lemon tsami. Biskit ɗin bota irin na Sukotland kusan kashi ɗaya cikin uku nasa bota ne tun asali, giram 50 ya ishi giram 200.

Akwai wanda ba ki tambaya ba, amma ba zan iya wuce shi ba: biskit mai gishiri, irin Ritz da makamantansa. A gaɓar tekun jihar North Carolina ta Amurka akwai sanannen fai na lemon tsami da madara mai kauri wanda ake daɓe ƙasansa da busasshen biskit mai gishiri. Ranar da na fara gwadawa na gane cewa abin da ke sa cizkek ya gundiri mutum bayan loma uku shi ne zaƙi sama, zaƙi ƙasa. Gishirin nan yana yanke zaƙin. Ki murmushe shi da hannu, kada ki sa a bilenda, ki ƙara sukari cokali 3, kuma lalle ki gasa shi.

Idan akwai wanda alkama ke cutarwa a cikin masu ci, duk waɗannan sun fita. Sai almon ko kashu: giram 200 niƙaƙƙe, bota giram 45 kacal, sukari cokali 2. Su kansu mai ne, in kika daɗe kina niƙawa za su koma kamar ƙulli. Daɓensu ya fi laushi, kuma dole a gasa. Kada ki ɗauka konfileks ya kuɓuta, yawancinsa akwai tsiron sha'ir a ciki, wanda shi ma yakan cutar da masu irin wannan matsalar, ots kuma yakan gauraya da alkama a masana'anta, sai wanda aka rubuta a kwalinsa cewa babu.

Gasawa ko rashin gasawa yana canza lissafi. Wanda aka gasa a zafin digiri 175 a ma'aunin Celsius na minti 8 zuwa 10, sukarin cikinsa ne ke narkewa ya manne ɓarɓashin, don haka yana jure ƙarancin bota, kuma ba ya saurin jiƙewa in an zuba haɗin a kai. Ki bari ya huce tukuna. Wanda ba a gasa ba, botan da ya daskare a firij ne kaɗai ke riƙe da shi, sai ki ƙara giram 10 zuwa 15 a kan awon da na ba ki, ki bar shi aƙalla minti 30 a sanyi. Majarin mai laushi na roba yana da ruwa da yawa, yana sa daɓe ya yi lagwaf. Man kwakwa yana yi, amma mai ne zalla, bota kuwa wajen kashi 80 cikin ɗari ne mai, don haka ki rage shi kaɗan, ki kuma sani yana narkewa da zarar zafi ya wuce digiri 24.

Kamfanoni sun bambanta, awon nan mafari ne kawai. Kada ki juye botan duka lokaci ɗaya. Ki zuba kashi uku cikin huɗu, ki gauraya, ki damƙi haɗin a tafin hannu. In ya dunƙule ya riƙe shatin yatsunki kamar jiƙaƙƙen yashi, ya isa. In ya warwatse, ƙara cokali ɗaya. In hannunki ya fito yana ƙyalli, ƙara ɓarɓashi. Sannan ki danne da gindin kofi, ki fara da gefe ki dawo tsakiya, da ƙarfin da zai haɗe shi kawai, kaurinsa kamar rabin santimita.