Mai gyaran kwamfutar Ƙofar Ƙaura da ba ya gaggawar fomat

Yawancin masu gyara a Katsina, da ka ce musu faifan ajiyarka na jan ƙafa, amsarsu ɗaya ce: "Alhaji, sai dai a yi fomat a sa Windows." Shi ya sa nake son masu amfani da Linux su san da wani matashi mai ɗan shago a wajen Ƙofar Ƙaura.

Haɗa bidiyon biki ce sana'ata, Ubuntu, wani nau'in Linux, ce kuma a laftof ɗina a madadin Windows. Faifan waje da na saya an rubuta USB 3.0 ɓaro-ɓaro a kwalinsa, amma kwafi ba ya wuce megabait 35 a daƙiƙa. Sai in sa bidiyon kamu, in je masallaci in dawo, yana nan yana rarrafe.

Ko noti ɗaya yaron nan bai kwance ba. Ya buga lsusb -t, umarnin da ke jero na'urorin USB da gudunsu, ya ɗora yatsa a kan 480M (megabit a daƙiƙa, ba megabait ba) da ke ƙarshen layin faifan, ya ce: "Yallaɓai, gudun USB 2.0 ke nan, na shekarar 2000. Da 3.0 ya kama, 5000M za ka gani." Ya ce kada in ɗora wa kanel, wato zuciyar Linux, laifi, don Linux ta san USB 3.0 tun fitowar 2.6.31 a 2009. Sai ya juya kebul ɗin a hannunsa. Ashe na cajin tsohuwar waya mai shagon da na saya ya haɗa min da shi! Bakin faifan mai faɗi ne, gida biyu, na waya kuwa gida ɗaya yake cikawa, ƙananan haƙora biyar ɗin da ke ɗaya gidan, masu ɗaukar babban gudu, ba su samu abin kamawa ba.

Da aka sa kebul na gaske a rami mai shuɗi, wato na USB 3.0 a laftof ɗin, gudu ya haura megabait 100, sai kuma faifan ya fara ɓacewa ana tsakiyar kwafi. Nan ne na san ya iya aikinsa. Ya buɗe dmesg, inda kanel ke rubuta abin da ke faruwa, ya bi layi-layi, ya ga direban uas, manhajar da ke sarrafa faifan, ne ke ta sake tayar da shi, domin wasu akwatunan faifai masu araha ba sa jituwa da direban. Ya ɗauki lambar faifan, ya ƙara saitin usb-storage.quirks da harafin u a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux in an kunna kwamfuta, kanel ya koma tsohon direba. Gudu ya ɗan ragu, amma yankewa ta ƙare.

Shagon kam matsattse ne, benci ɗaya, kuma ba janareta, in an ɗauke wuta sai abin da batirinka ya riƙe. Kebul ɗinsa ma da ɗan tsada. Kuɗin aiki N3,000 ya karɓa, ya kuma rubuta min layin nan na GRUB a takarda ko da wata rana na sake sa Ubuntu. In za ka je, ka tafi da caji cike, da kebul ɗin da kake amfani da shi a gida, don shi zai fara tambaya.