Dakatar da tsohon caki a banki: amfanin hidimar da inda take gazawa

Duk mai biyan mutane da caki ya san wannan matsalar: an rubuta, an miƙa, wata takwas ya shuɗe, kuɗin na nan zaune a asusu ba wanda ya zo ɗauka. Maganin da bankuna ke bayarwa shi ne hidimar dakatar da biya, wato ka umarci banki kada ya biya wannan cakin, sannan ka rubuta sabo. Hidima ce mai kyau, ta kuma cancanci abin da ake caja a kanta, sai dai mutane na ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Wani zai ce, cakin da ya riga ya tsufa, me ya rage a dakatar? To ai wa'adin da caki ke tsufa a kansa ba ɗaya ba ne ko'ina. A Birtaniya da Kanada wata 6 ne a al'adar bankuna. A Indiya babban banki ya rage shi zuwa wata 3 tun 1 ga Afrilu 2012. A Faransa shekara 1 da kwana 8, a Ostareliya wata 15. A Amurka kuwa sashe na 4-404 na dokar kasuwanci cewa ya yi ba dole ne banki ya biya cakin da ya wuce wata 6 ba, amma bai hana shi biya ba idan da kyakkyawar niyya ya yi. Na'urar da ke tantance caki ta fi kula da layin lambobin da ke ƙasan takardar da adadin kuɗin, kwanan wata kan wuce ta. Sai ka ga cakin bara ya shige salin-alin. Idan ka riga ka ba da sabo ba ka dakatar da tsohon ba, ka biya sau biyu ke nan. A nan ne hidimar take biyan kuɗinta.

Yin ta ba wuya. Ka buɗe littafin cakinka, ka duba guntun takardar da ya rage a jiki: lambar cakin, ranar, sunan wanda aka rubuta wa, da adadin kuɗin daidai, har da 'yan canjin da ke bayan ɗigo. Ka fara tabbatarwa a bayanin asusu cewa ba a biya shi ba, domin wanda aka riga aka biya ba ya dakatuwa. Sai ka ba da umarnin a rubuce ko ta manhajar banki, ka ajiye shaidar. Kada ka sa hannu a sabon caki sai shaidar nan ta zo hannunka.

Inda take gazawa ya fi buƙatar kulawa. Kwamfuta da lamba take aiki. Ka kuskure lamba ɗaya a cikin lambar cakin ko a adadin, umarnin ya kama iska, cakin ya wuce. Sannan umarnin kansa yana da wa'adi a wasu ƙasashe, abin da ma'aikatan banki ba kasafai suke faɗa wa mutum ba, kuma wannan ne babban aibin hidimar a ganina. A Amurka rubutaccen umarni wata 6 yake yi sai an sabunta, na baki kuwa kwana 14 kacal idan ba a bi shi da rubutu ba. Ka tambaya tun a ranar: yaushe zai ƙare? Cakin da banki ya fitar da sunan bankin kansa kuma ba a dakatar da shi ta wannan hanya. Idan ya ɓata, takardar shelar ɓata ake cikewa, a Amurka a jira kwana 90.

Dakatarwa ba ta goge bashi. Takarda ce aka kashe, haƙƙin mai kuɗi na nan. A Ingila yana da shekara 6 ya nemi kuɗinsa a kotu. A jihohin Amurka kuwa, cakin albashi ko na ciniki da ya daɗe ba a karɓa ba, kamfani kan miƙa kuɗin ga ofishin dukiyar da ba a nema ba na jihar, mai shi ya je can ya karɓa. Saboda haka a littafin lissafi a bar adadin a matsayin bashin da ake bin ka, kada a mayar da shi riba.

Idan kai ne ka tsinci tsohon caki a aljihun tebur, kada ka taɓa kwanan watan da biro. Duk gyaran da ba wanda ya rubuta cakin ne ya yi shi ya sa hannu a kai ba, yana sa banki ya ƙi biya, yana ma iya zama laifi. Kada kuma ka jefa shi asusu da fatan sa'a, domin idan ya dawo ana iya cajar ka. Ka tuntuɓi wanda ya rubuta, ka faɗa masa lambar da ranar, ka mayar masa da takardar ya soke ta da hannunsa, ya rubuta maka sabo.