Gyaran fawa saflai ko sayen sawun kad na waje: wanne zai kashe ƙugin sifika?

Wani ɗan'uwa daga Daura ya yi tambaya jiya. Yana saka karatun malaminsu da kwamfutar tebur, amma da zarar ya jona ta da amfilifaya sai sifika ta kama ƙugi. Wani ya ce masa ya buɗe fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ya canja kafasitocin (ƙananan gwangwanayen da ke tara wuta) da manya, wani kuma ya ce ya sayi sawun kad na USB, wato na'urar sarrafa sauti da ake jonawa daga waje. Wanne zai yi?

Malam, kafin ka ɗauki sukundireba, ka fara kasa kunne. Idan ƙugi ne mai kauri, "uuum", ba ya hawa ba ya sauka, wannan muryar wutar gida ce, don wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Yawanci matsalar wayar ƙasa ce, wato wadda ke ƙafa ta uku ta fulogi, ko kuma kwamfuta da amfilifaya kowacce tana soket dabam. Idan kuwa tsuwwa ce siririya da ke canjawa in ka motsa mawus, daga madabod take, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, inda ɗan guntun sautin yake maƙwabtaka da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, da sauran masu hayaniya.

To, canja kafasita fa? Fawa saflai yana karɓar bolt 230 ya fitar da 12 da 5 da 3.3. Yana yin haka ne ta hanyar kunnawa da kashewa dubbai masu yawa a daƙiƙa, sama da 20,000 ɗin da kunnen mutum ke iya ji. Ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera fawa saflai ke bi, ta yarda wutar ta yi rawar da ba ta wuce milibolt 120 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a layin 12 ba, da milibolt 50 a layin 5 da na 3.3. Fawa saflai mai lafiya ya riga ya cika wannan sharaɗi, ƙara masa manyan kafasitoci kamar ƙara wa Kusugu guga ɗaya ne na ruwa. Wani lokaci ma ɓarna ce, don kafasita mai girma fiye da kima kan ja wuta da yawa a lokacin tashi, kwamfuta ta ƙi kunnuwa.

Inda gyaran ke da amfani shi ne in kafasitocin sun mutu. A nan kam zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga musu: fanka ta toshe, ciki ya ɗau zafi, sai ka ga kan kafasita ya kumbura kamar fanke, wani har ya yi tsatsa-tsatsa a sama. Irin wannan a canja shi da mai awo ɗaya da shi, kuma a nemi wanda aka rubuta 105°C a jikinsa, ba 85°C ba, shi ya fi jure zafi.

Amma ba da hannunka ba, don Allah. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe bolt sama da 300, kuma bai cika saki nan take ba ko an zare waya daga bango. Na taɓa gani a wani shago wajen Ƙofar Ƙaura, yaron shago ya zura sukundireba, sai "fas!", bakin ƙarfen ya yi baƙi, yaro ya bar wajen ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Da yatsa ne fa? Sau da yawa sayen wani fawa saflai mai kyau ya fi sauƙi.

Sawun kad na waje kuwa, irin Behringer UCA202 ko Focusrite Scarlett, aikinsa ya fitar da sarrafa sautin daga cikin akwatin gaba ɗaya. Tsuwwar mawus takan ragu sosai ko ta ɓace. Ba dalma, ba buɗe komai, kuma gobe in ka koma laftof da abinka za ka tafi. Scarlett yana da ƙarin fa'ida: yana fitar da sauti ta waya mai jijiya uku, wadda ke soke hayaniyar da ta shigo a hanya, in dai amfilifayarka tana karɓar irinta. Sai dai shi ma ta USB yake cin wuta, don haka ƙugin wayar ƙasa na iya biyo shi.

Ni da ni ne kai, ga yadda zan bi. In haɗa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, in saurara. In gwada da wutar gari, in gwada da janareta ko inbata, domin inbata mai arha da ba ta ba da wuta sumul ita ma tana sa sifika zuza. Sannan in ari laftof, in zare caja, in jona ta da amfilifayar tana kan batir kawai. In ƙugin ya ɗauke, to a kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa. Kada ka yarda da mai ce maka ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce ke tsare ka in wuta ta taɓa jikin akwati.

In madabod ɗinka da amfilifayar duk suna da ramin Toslink, sayi wayar kawai. Haske take ɗauka, ba wuta ba, ƙugi ba shi da ta inda zai bi. Duba bayan akwatin ka faɗa mana ko akwai ɗan rami mai murfi da ke fitar da jan haske.