.338 Lapua, .375 CheyTac, .416 Barrett ko .50 BMG: wanne ya fi dacewa da harbin mil biyu?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli bidiyon gasar King of 2 Miles da ake yi a Raton, jihar New Mexico ta Amurka, inda ake harbin farantin ƙarfe daga nisan da ya kai mil biyu, wato sama da kilomita 3. Ka tambaya me ya hana kowa ya riƙe .50 BMG, tunda shi ne babba a cikin harsasan nan huɗu. Girman harsashi daban, kai wa nesa da saiti daban.

Abin da ke raba gardama shi ne gudu. Harsashi yana barin bakin bindiga da gudun wajen mita 900 a daƙiƙa, iska kuma na ta cin gudun nan a hanya. Da zarar ya sauko kusa da gudun sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, sai ya soma tangaɗi, ba ka da tabbacin inda zai faɗa. Don haka masu wannan wasa ba sa tambayar wanne ya fi ƙarfi. Tambayarsu ita ce wanne ya fi daɗewa bai gaji ba, kuma wanne iskar gefe ba ta cika kautar da shi ba.

.338 Lapua Magnum shi ne ƙaramin cikinsu. Kamfanin Lapua na ƙasar Finland ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, faɗinsa milimita 8.6, nauyinsa giram 16 zuwa 19. Da shi sojan Birtaniya Craig Harrison ya yi harbin mita 2,475 a Afganistan a 2009. Bindigarsa ta fi sauran sauƙin ɗauka, harsashinsa ya fi samuwa. Amma yana wuce mita 1,500 da kaɗan gudunsa ke kusantar na sauti, ka ga a mil biyu ya riga ya galabaita tun a tsakiyar hanya.

Shi kuwa .50 BMG, maƙerin bindigogi Ba'amurke John Browning ya ƙera shi don bindiga mai sarrafa kanta a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, ba don saiti ba. Faɗinsa milimita 12.7, kuma harsashin gasa irin A-MAX na kamfanin Hornady ya kusa giram 49. Nauyin nan na taimaka masa a cikin iska, sai dai yana fita a hankali fiye da .375 da .416, ga kuma naushin da bindigar ke kai wa kafaɗa. Ka lura a bidiyon: ana danna kunama ƙura ta turnuƙe gaban mai harbi, madubin hangensa ya gushe daga kan farantin, kafin ya dawo da ido harsashin ya sauka. Wanda bai ga inda ya kuskure ba, da me zai gyara harbi na gaba?

Nan ne .416 Barrett ya shigo. A 2005 Chris Barrett na kamfanin bindigogi na Barrett ya ɗauki kwanson .50 BMG, ya rage tsawonsa, ya matse wuyansa ya ɗauki harsashi mai faɗin milimita 10.6. Hakan ya zo ne bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar hana bindigogin .50 BMG a 2004. Albarushi mai yawa a bayan harsashi siriri mai nauyin giram 26 ko fiye, sai ya fita da gudun da ya haura mita 900 sosai. Robert Brantley ya ci gasar da shi a 2018, Paul Phillips ma a 2019.

.375 CheyTac ne ya fi burge ni. An samo shi daga .408 CheyTac, shi kuma kwansonsa ya samo asali daga .505 Gibbs, tsohon harsashin Ingila na farautar giwa da ɓauna a Afirka. Faɗinsa milimita 9.5, nauyinsa wajen giram 23 zuwa 26, kuma yawanci jan ƙarfe ne zalla da aka sassaƙa a inji ɗaya bayan ɗaya, dogo mai tsini kamar tsinke, shi ya sa yake ratsa iska ba wahala. Da shi Derek Rodgers ya ci gasar a 2017. Naushinsa bai kai na .416 ba, albarushin da yake ci ma bai kai ba.

To in ka ce in zaɓa, har zuwa kilomita 2.5 ina bayan .375 CheyTac, saboda mai harbi na iya zama a kan madubinsa ya ga saukar harsashinsa da idonsa. In aka doshi kilomita 3 kuwa sai in koma wa .416 Barrett. A wannan nisa harsashi kan yi fiye da daƙiƙa biyar a sama, abokin mai harbi na zaune gefensa da madubin hangen nesa yana jiran ɗan ƙurar da za ta tashi a gefen tsauni, ya ce masa ya ƙara sama ko ya matsa hagu. Harsashin .416 ya fi na .375 tada ƙurar da za a iya gani daga can.