Dashen itatuwa ko sassabin zamani: wanne ya fi farfaɗo da gona?

Dashe na cin kuɗi tun daga gandun reno: leda, taki, ban-ruwa, jigila, haƙa rami da shinge. Da rani ya tsananta, awaki da gara da ƙishirwa kan kashe ƙananan itatuwan, domin saiwarsu ba ta yi nisa ba.

Sassabin zamani, wato renon itatuwan da ke sake tsirowa da kansu a gona, wanda ya fara yaɗuwa daga Maraɗi a shekarun 1980, da kututturen da ke gonar yake aiki. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima. A kututturen sabara ko kalgo sai a zaɓi tsiro 3 zuwa 5 mafi miƙewa, a sare sauran da kaifaffen gatari, a rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayi. Dakusasshen ƙarfe na yage ɓawo, ruɓa ta shiga. Gawo kuwa a bar shi duk inda ya fito: da damina yake zubar da ganye, bai shanye wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. A Nijar kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta haka.

A gonar da ke da kututture, sassabin ya fi sauƙi da riba. Amma a fako, inda ba saiwa ko ɗaya, dole a haƙa ramuka masu siffar rabin wata su tare ruwa, sannan a dasa.